Abin da Tanase Ya Ɓoye a Ɗakin Taru

Ostrovel, Maris 1996

Yaya Gherasim,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Yaya idon naka? Ni dai ga ni nan. Gwiwa tana damuna in an yi sanyi, amma ƙanƙarar kogi ta fashe, masunta sun fara shafa wa jirage kwalta. Tun kaka da muka rufe mijina Tanase, ɗan kawunka, har yau kofi biyu nake saukewa da safe, sai na zuba ruwan zafi nake tunawa. Ka yi haƙuri da rubutuna. Aji huɗu na yi, kuma malam ya sha dukan hannuna kafin alƙalami ya yarda ya zauna a dama.

A watan Oktoba za a yi masa sadakar shekara. Na fara tara kayan pomana, sadakar da ake bayarwa don ta isa ga mamaci: rigarsa ta ulu, dogayen takalmansa na shiga ruwa, kwanonsa da cokali, da wuƙarsa. Baba Pahomie ne zai karɓa ta saman kabari, shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka ja taru tare da shi. Ka san abin da ba a miƙa ba, ba zai same shi a can ba, ni kuwa ba na so ya zauna hannu wofi.

To ga abin da ya sa na rubuto. Ina share ɗakin taru sai tsintsiya ta taɓa wani gwangwanin alewa a bayan azara. A ciki akwai safar ulu, a cikin safar kuma kwarkwaron fatsa, irin wanda ake ɗaurawa a jikin sanda yana naɗe zare. Yaya, ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba. Na tagulla ne, bai wuce tafin hannuna ba, mariƙinsa na itace mai santsi. Babu suna, babu lamba. Zaren da ke jiki bai taɓa shan ruwa ba. Na tura shi da yatsa sau ɗaya, ya ci gaba da juyawa har na karanta Addu'ar Ubangiji na kai ƙarshe. Yana wani ɗan sauti, tak, tak, tak. Kamar na san sautin nan daga wani wuri, amma na rasa ina.

Ka san Tanase mutumin taru ne. Cewa yake fatsa wasan 'yan birni ce masu hular rana. Me wannan yake yi a ɗakinsa?

Na nuna wa Baba Pahomie, ya juya shi ya ce, "Na Jamusawa ne, tun lokacin yaƙi." Maƙwabciyata Iya Ilinca ta leƙo ta saman shinge ta ce, "Kai tafi can, na Turkawa ne." Ya ce, "To ke za ki fi sani, ai tare kuka yi zamani." Ta jefe shi da totuwar masara.

Kai ne ka ƙare rayuwarka cikin injuna. Na ɗora shi a takarda na zagaye da fensir, da ramukansa da mariƙin, ga shi nan a ciki. Ka faɗa mini na wane zamani ne. In na mahaifinsa ne, da sunan mahaifinsa zan bayar. In nasa ne, dole ya bi shi. Ba na so in aika masa da kayan wani, ba na kuma so in riƙe nasa.

Taka,
Anghelina

Resita, Afrilu 1996

Matar ƙanena,

Na samu takardarki, na yi murna. Allah ya gafarta wa Tanase. Idon nan kamar ina leƙe ta tagar da aka shafa wa man shanu, likita yana ta maganar wuƙa, ni ina ta maganar gobe. Gwiwa kuma ki ɗaura mata ganyen kabeji, haka uwata take yi.

Zanenki ya hana ni cin abinci. Na shimfiɗa shi a tebur, na sa gilashin ƙara girma, miya ta huce a gefe. Ki ce wa Pahomie Jamusawa ba sa sakin ko cokali ba su buga masa lamba ba. Ilinca kuma ki bar ta da Turkawanta. Wannan bai fito daga kowace masana'anta ba. Dubi ramukan nan shida, tazararsu ba ta zo daidai ba, inji ba ya irin wannan kuskuren. Hannun mutum ne ya huda su, ya goge da magagari.

Amma abin da ya ɗaure mini kai shi ne juyawar. Na gyara wa abokai irinsa da yawa, na Rasha da na sauran ƙasashe, babu wanda ya taɓa kaiwa "Ka ba mu yau abincin yini" da ke tsakiyar addu'ar. Ke kuma kin ce naki ya kai Amin. Mutumin da ya yi wannan da hannu kawai, ba a wata ɗaya ya yi ba. Da ina gabansa sai na cire hula.

Don gane zamaninsa, ki yanki ɗan bakin zaren ki kai wa ashana. In ya ƙone ya yi warin gashi, siliki ne ko gashin doki, to abin ya girmi yaƙi, na kawu ne. In ya narke ya dunƙule, zaren roba ne, wanda bai iso kogin namu ba sai wajen ƙarshen shekarun hamsin.

Sai dai ko na wane zamani ne, ba don hannun Tanase aka yi shi ba. Babban yatsansa kamar kan muciya yake, ina zai zauna a mariƙin nan? Don ƙaramin hannu aka sassaƙa shi, hannun mace in ban yi kuskure ba, kuma wanda ya sassaƙa ya san hannun sosai.

Akwai ƙusoshi masu murɗi a bayansa. Ki kwance su da bakin wuƙa a hankali, ki faɗa mini abin da kika gani a ciki. Cikin abu ba ya ɓoye shekarunsa.

Yayanki,
Gherasim

Ostrovel, Yuni 1996

Yaya Gherasim,

Ina gaisuwa. Lafiya ƙalau nake. Na daɗe ban amsa ba don ban san me zan ce ba.

Na kai wa zaren ashana. Ya narke. Ƙarshen shekarun hamsin, haka ka ce. Ni a hamsin da tara aka kawo ni gidan nan. Kafin ni kuwa kowa ya san wadda yake rakawa gida daga rawa, Paraschiva 'yar mai injin niƙa, wadda ta fasa ta auri ma'aikacin jirgin ruwa ta koma Tulcea. Ƙananan hannuwa gare ta, farare, ba su taɓa feɗe kifi ba.

Ka ce wanda ya yi ya san hannun sosai. Na karanta layin nan har takardar ta yi laushi. Kai abokin sirrinsa ne tun kuna yara. In ka sani, da ka faɗa mini kai tsaye, ba sai ka bi ta ashana da ƙusoshi ba.

Ban buɗe shi ba, ba kuma zan buɗe ba. Iya Ilinca ta ce in jefa shi a kogi. "Maza duk haka suke, 'yata. Nawa ma da ya mutu hoton wata mai sayar da kankana na tarar a hularsa." Na yi dariya don kada ta ga fuskata.

Ba kishi nake yi ba, Yaya, mun tsufa da wannan. Abin da ke cina shi ne, duk shekarun nan ina shanya taru a ƙarƙashin azarar nan, abin yana saman kaina. Yanzu in na miƙa shi ta saman kabari, na aika masa da tunanin wata ya zauna da shi har abada. In na riƙe, na hana shi abin da ya fi so. Ka faɗa mini gaskiya.

Anghelina

Ostrovel, Agusta 1996

Yaya Gherasim,

Lafiya kuwa? Bazara ta kusa wucewa babu amsarka. Da farko na ce shirun naka amsa ce. Yanzu kuma tsoro nake ji ko wani abu ya same ka. In maganata ce ta ɓata maka rai, ka yafe mini.

Na buɗe shi. Ranar da na ɗauka don in kai shi kogi, na zauna a bakin ƙofa na ce bari dai in ga abin da zan jefar.

Da murfin ya ɗaga, warin mai ne ya fara bugun hancina. Man keken ɗinkina ne, Yaya, kuma bai bushe ba. Shekara da shekaru ina mitar kwalbar nan tana raguwa, har na taɓa zargin Ilinca.

A ciki akwai wani faifai mai ƙananan haƙora, da wani siririn ƙarfe mai shuɗi-shuɗi da ke taɓa haƙoran, shi ne mai yin tak, tak. Bakinsa kamar ganye yake, a tsakiyarsa akwai ɗigon dalma inda aka taɓa liƙe shi. Na san ɗigon nan. Ina yarinya na riƙe wa Babana fitila ya liƙe shi. Dogon hannun agogon bangonmu ne, agogon da Babana ya ba ni na zo da shi gidan aure. Faifan ma nasa ne. Shi ya sa na san sautin. Da shi na yi barci tun ina cikin zanen goyo.

Ka tuna ambaliyar saba'in, da ruwa ya wuce tagogi muka koma kan jinga? Da ruwa ya janye, agogon cike yake da laka. Tanase ya ce, "Ya mutu, Lina, na jefar." Na yi masa kuka fiye da kajin da suka tafi.

Ashe bai jefar ba. Ke nan ba a yi abin nan kafin saba'in ba. A lokacin Paraschiva tana Tulcea da 'ya'ya uku, ta yi ƙiba har ba ta shiga ƙofar coci sai a karkace. Na zauna a bakin ƙofar har inuwa ta bar ni, ina tura shi da yatsa ina saurare. Wannan mutumin da ko maɓallin riga ba ya iya ɗinkewa, yaya aka yi ya yi wannan? A ina ya zauna? Da wane lokaci?

Akwai wani tunani da ya zo mini, amma ina jin nauyin rubuta shi, kada ka yi mini dariya. Matan garin nan ba sa taɓa fatsa, ka sani. Don Allah ka amsa. Oktoba ta matso, kuma har yanzu ban san ko na wane ne ba.

Taka,
Anghelina

Resita, Satumba 1996

Lina ƙanwata,

Ina raye. Likita ya ci nasara a kaina, an yi aikin idon, aka hana ni karatu da rubutu. Da aka kwance bandejin sai na tarar da takardunki biyu tare. Ta farkon ta sa na zagi kaina, ta biyun ta sa ni kuka, likita kuwa ya hana. Ban san komai game da Paraschiva ba. Ni ma'aunin mariƙi kawai na duba, bakina ne ya yi gaba.

Amma yanzu na tuna wani abu. Ambaliyar ta same ni a gari, bayanta na tsaya taya uwata gyaran gida. Ranar da zan koma, Tanase ya bi ni har tashar jirgi yana sosa ƙeya, ya ce in bar masa ƙananan magagaraina, wai zai gyara agogo. Na ce, "Kai? Da waɗannan yatsun? Sai dai ka gyara ƙararrawar coci." Bai yi dariya ba, ya karɓa ya sa a aljihu.

Kuma na tuna kan jinga, da abinci ya ƙare, jirage duk sun tafi ɗebo mutane. Wata mata ta kwance igiyar shanya, ta lanƙwasa ƙusa, ta sa hanjin kaza, ta jawo tarwaɗa mai tsawon ƙafata. Gida nawa suka ci miya a ranar? Maza suka dinga tsokanarsa, "Tanase, ba ta wandon ka karɓi siket!" Surukarki ta yi ta faɗa, wai macen da ta taɓa kayan su, kifi zai guji tarun mijinta. Kika rantse a gaban kowa, har da yin alamar gicciye, ba za ki ƙara ba. Ina kusa da shi a lokacin. Ya tsaya yana kallonki, na ɗauka kunya ce ta kama shi. Yanzu na gane ba kunya ba ce.

Ki ɗauko shi. Ki duba ta wane gefe aka sassaƙa wurin zaman babban yatsa a mariƙin. A zanenki na ga alamar, amma na ce ko takardar kika juya. Kada ki riƙe shi da hannun da malam ya koya miki. Ki riƙe da wanda kike yanka burodi da shi in babu baƙo a gida, wanda kika ja igiyar shanya da shi.

Me ya hana shi ba ki, ban sani ba. Wataƙila rantsuwarki ce ta yi masa nauyi, yana jira ke ki fara magana. Kin san shi, sai ya shekara yana juya zance a baki. Abin da na sani dai, ba a miƙa wa mamaci abin da ba nasa ba.

Yayanki,
Gherasim

Ostrovel, Oktoba 1996

Yaya Gherasim,

Na gode Allah da idonka ya buɗe. Ni ma lafiya, gwiwar ta yi sauƙi, kabejinka ya yi aiki.

Na riƙe shi da hagu. Yatsana ya faɗa cikin wurin kamar ƙafa a tsohon takalmi, har da ɗan gurbin da ya bari don tabon da lauje ya yi mini. Ban san ya taɓa lura da tabon nan ba.

An yi sadakar ranar Asabar. Na dafa koliva, alkamar sadaka, da zuma da gyaɗar bishiya, kowa ya ce ta yi daɗi. Fada, limamin cocinmu, ya yi addu'a, ya zuba ruwan inabi a kan kabari. Na tsaya a gefe ɗaya, Baba Pahomie a ɗaya gefen, na miƙa masa rigar, da takalman, da kwanon, da wuƙar, yana karɓa yana cewa, "Allah ya karɓa, Allah ya gafarta masa."

Gwangwanin alewar kuwa tun a ƙofar maƙabarta na ba shi ya sa a aljihun kwat. Da aka gama na ce, "Baba Pahomie, yanzu kai ne a madadinsa. Miƙo mini."

Iya Ilinca ta dafe ƙirji. "Yau na ga abin da ban taɓa gani ba! Mamaci ake ba wa, yaushe mamaci ya fara bayarwa?" Ta juya wajen Fada. Shi kuma ya shafa gemu ya ce shi dai bai ga inda aka hana ba. Na tambaye shi maganar rantsuwata, ya ce, "Surukarki da kika yi wa tana kwance can layi na biyu, ba ta ce komai ba. Na sauke miki."

Baba Pahomie ya cire hula, ya miƙo gwangwanin ta saman kabari da hannu biyu. Ya ce, "Karɓi, 'yar nan. Ya makara, kamar yadda ya saba." Na miƙa hagu a gaban kowa na karɓa. Na buɗe baki in ce Allah ya karɓa, sai Ilinca ta riga ni faɗa, tana share hanci da bakin ɗankwali.

Washegari bayan coci Baba Pahomie ya kawo mini sanda, ya ɗaura kwarkwaron, ya sa sabon zare don tsohon ya mutu. Muka sauka ƙasan jinga, daidai wurin nan. Samarin masunta suna gyaran taru, wani ya ɗaga murya, "Iya Lina, ki rage mana na miya!" Na ce, "Ku dai riƙe wandunanku da kyau."

Na jefa. Kogin ya kwanta lumui, hazo yana tashi a kansa. Na daɗe a tsaye har na fara jin kunya. Can sai sandar ta sunkuya, zare ya fara fita, abin ya kama magana, tak, tak, tak, a cikin tafin hannuna. Yaya, ɗakin Babana na gani, da fitilar, da Tanase zaune a wani wuri da ban sani ba, da manyan yatsunsa, yana goge haƙori ɗaya bayan ɗaya. Baba Pahomie yana ta ihu a kunnena, "Naɗe! Naɗe mana, baiwar Allah, zai tafi!" Ni kuwa na kasa. Sauraro kawai nake yi.

Kifin ya tafi da ƙugiyar. Baba Pahomie ya ce tun da yake bai taɓa ganin asara irin wannan ba, ya yi fushi har gida.

In idonka ya ƙara ƙarfi ka zo da bazara ka gan shi da kanka, ka cire masa hular da ka ce. Ka taho mini da ƙugiyoyi masu ƙwari. Na ɗiga masa man keke na mayar da shi cikin safarsa, amma ba a bayan azara ba. Yana kan tebur kusa da kofin Tanase. Gobe da safe zan koma kogi.

Taka,
Lina